Mu ne zakaran gwajin dafi?

Ranar Asabar da ta wuce na je suna a Hausare, nan cikin Garwa. An raɗa wa jaririya suna, liman ya shafa fatiha, ana zagayawa da goro da dabino, sai wani dattijo sa'an mahaifina ya janyo uban jaririyar kusa da shi. Magana ce ta su biyu, amma duk wanda ke kan tabarma ya ji ta.

"Ɗana, ka saurare ni da kyau. Idan yarinyar nan ta cika wata shida za su ce a kawo ta a yi mata sabuwar allurar palu. Kada ka yarda. Duk faɗin duniya Kamaru aka zaɓa a fara da ita, ka tambayi kanka dalili. Mu ne zakaran gwajin dafi."

Ya zaro waya ya kunna wani saƙon murya na WhatsApp. Wani mutum ne da babu wanda ya san sunansa balle garinsu, yana ta rantse-rantse. Mutane suka yi ta gyaɗa kai.

Na ce, "Baba Alhaji, a gafarce ni, ba haka na san zancen ba." Ya dube ni ya ce, "To malam, kafin mu, a kan wa aka gwada ta?" Kafin in haɗa amsa aka shigo da farantan masa, hankali ya koma can. Kwana uku ke nan tambayar tana cina a rai, domin tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da amsa, amma ba a taɓa zama an ba shi ita ba.

Ga matsayina tun daga farko. A kai yara allura, har da wannan ta palu, wato zazzaɓin cizon sauro, kuma a cika ta duka sau huɗun da ake yin ta. Hujjata ita ce binciken nan da ake tsorata mu da shi. Ina kuma ganin masu bincike da hukumomin lafiya suna da nasu kason na laifi, domin sun san amsar tambayar Baba Alhaji, sun bar ta a cikin takardun Faransanci da Turanci, sun bar mana mai saƙon murya.

A kan wa aka gwada ta?

Gaskiya ne Kamaru ce ta fara. Ranar 22 ga Janairun 2024 aka ƙaddamar da allurar a garin Soa kusa da Yawunde, aka soma da gundumomin lafiya 42. Amma abin da Kamaru ta riga kowa shi ne shigar da ita cikin jerin alluran yau da kullum, bayan an gama gwaji. Nan ne zancen ya karkace a bakin mutane.

Allurar nan, da ake kira RTS,S, tun 1987 aka haɗa ta. Manya ne suka fara miƙa hannu aka gwada a jikinsu a Amurka, sannan magidanta a Gambiya, sannan yara a Mozambik. Daga 2009 zuwa 2014 aka yi babban gwaji a kan yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka 7. Kamaru ba ta cikinsu.

Wani abu ya faru a wannan gwajin wanda shi ya fi kwantar mini da hankali. Masana sun ga alamun da ba su yi musu daɗi ba: yaran da suka kamu da sanƙarau sun ɗan fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa allurar, an kuma ga kamar mace-macen 'ya'ya mata sun ɗara. Ba wanda ya iya cewa allurar ce ko dacewa ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi ba da umarnin a baza ta. Ta ce a fara a wasu yankunan Ghana da Kenya da Malawi, a sa ido musamman a kan waɗannan alamu. Daga 2019 aka soma, yara sama da miliyan 2 suka samu. Alamun ba su tabbata ba. Abin da aka gani shi ne mace-macen yaran da suka kai shekarun allurar sun ragu da kashi 13 cikin 100.

Shekara 37 tsakanin haɗa allurar da ranar da ta shigo asibitocinmu. Wanda zai ba ka dafi ba ya ɓata shekara 37 yana ƙirga gawa da masu rai.

Ruwa ba ya tsami banza

Ba zan yi wa Baba Alhaji kallon wanda bai san abin da yake yi ba. Mutumin da ya yi fatauci tsakanin Garwa da Kano shekara da shekaru ya san abin da ya faru a 1996. Ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a cikin gwajin, an ba rabi sabon maganin, rabi kuma wani tsohon magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Mu ma a nan gida muna da namu tabon. A 1954, zamanin Faransawa, an yi wa mutanen Yokaduma allurar hana ciwon barci da gurɓataccen ruwa, wurin allurar ya ruɓe, mutum 32 suka mutu. A 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin wani maganin hana kamuwa da ƙanjamau a Duwala bayan an yi ta ƙorafi a kan yadda aka bi da matan da ke ciki. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

To amma a duba abin da tsallen ya jawo. A 2003 Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da ɗigon shan inna, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004. Cutar ta tsallaka ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Kamaru da Cadi na cikin waɗanda suka fara kwasa, don mu ne a bakin ƙofa. Kamfanin da ake fushi da shi ko a jikinsa. Yaran da ƙafafunsu suka shanye 'ya'yan talakawa ne irin namu, wasunsu yanzu sun zama magidanta, suna tura keken guragu a bakin kasuwa.

Laifin da aka yi a gwajin Kano shi ne an yi bincike a ɓoye, cikin gaggawa, ba tare da an mutunta iyaye ba. Maganin wannan shi ne bincike a fili da yardar iyaye da sa idon hukuma. Hana yaro allurar da aka gama tantancewa ba ya rama wa yaran Kano komai.

Ƙanwata

Ina aji huɗu a firamare sanƙarau ya shigo unguwarmu. Lokacin bazara ne, irin zafin Garwa da ko kwanon ruwa ba ya taɓuwa da rana. Ƙanwata tana da shekara shida. Da hantsi tana wasan 'yar carafke a ƙofar gida, da la'asar ta ce kanta na ciwo, da magariba ta fara amai. Abin da ba zan manta ba shi ne fitila. Mahaifiyarmu ta matso da aci-balbal don ta duba fuskarta, yarinyar ta ƙwalla ƙara ta rufe ido da hannu biyu, kamar an watsa mata barkono. Aka yi ƙoƙarin sunkuyar da kanta ta sha ruwa, wuyan ya ƙi, ya sandare kamar icce.

Mahaifinmu ya goya ta a keke cikin dare. A asibiti marasa lafiya har ƙarƙashin bishiyoyi, ana rataye ledar ƙarin ruwa a jikin reshe. Ta rayu, mun gode Allah. Da ta dawo gida bayan kwanaki, mahaifiyarmu ta kira sunanta daga bakin murhu, ba ta waiwayo ba. Ta sake kira. Ta ajiye muciya ta zagayo gabanta, sai yarinyar ta yi mata murmushi. Ranar muka gane kunnen ya tafi.

Yau tana da 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa jin kukan ko ɗaya daga cikinsu ba. Da hannu take gane jaririnta ya farka, tana kwana tafinta a kan ƙirjinsa.

Duk wanda ya girma a wannan yankin yana da irin wannan labarin. Daga Senegal har Habasha, duk 'yan shekaru sai annobar ta zo da rani ta yi shara. Tsakanin 1996 da 1997 kaɗai mutum kusan 250,000 suka kamu, kusan 25,000 suka mutu. Ko an yi magani tana kashe kusan mutum 1 cikin 10, kuma cikin waɗanda suka tashi 1 cikin 5 na fita da kurumta ko wata nakasa.

Yanzu in tambayi masu shekaru irin nawa: yaushe rabonmu da ganin ledar ƙarin ruwa a jikin reshe saboda sanƙarau? Mun saba da rashin abin har mun manta da tambayar ina ya tafi.

Ga inda ya tafi. An ƙera wata allura musamman domin irin sanƙarau ɗin da ke addabar mu, wanda masana ke kira nau'in A. Sunanta MenAfriVac, wani kamfani a Indiya ya yi ta a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Burkina Faso da Mali da Nijar suka fara a 2010. A Disambar 2011 aka yi wa mutum miliyan 1.8 masu shekara 1 zuwa 29 a Injamena da jihohi biyu na kusa da ita. Sauran sassan Cadi kuwa layi bai kai kansu ba tukuna, ga shi annoba na ci. Likitocin Cadi da abokan aikinsu na Landan suka zauna suka ƙirga. A bazarar 2012, inda ba a yi allurar ba, kusan mutum 44 ne suka kamu cikin kowane 100,000. Inda aka yi, ba su kai 3 ba. Ragin kashi 94 cikin 100 ke nan.

Ba su tsaya nan ba. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mai lafiya, yana yawo da ita yana rabawa bai sani ba. Suka je ƙauyukan Mandeliya, kudu da Injamena, suna shafo maƙogwaron mutane da auduga. Kafin allura sun duba mutum 4,278, suka sami 32 ɗauke da ƙwayar. Bayan allura suka duba 5,001, suka sami mutum 1.

Ina tunanin manomin da ya bar gona ya zauna a benci ya buɗe baki aka zura masa tsinken auduga har ya yi kakari. Na tabbata a ƙauyen akwai wanda ya ce masa an mayar da shi zakaran gwajin dafi. Bakin nan da ya buɗe yana cikin abin da ya nuna wa duniya cewa allurar na yanke hanyar cutar, aka ci gaba da zuba kuɗi har ta game yankin. Tun 2017 ba a sake tabbatar da nau'in A a duk faɗin yankin ba. Sauran nau'o'in suna nan, shi ya sa aka sake haɗa wata mai kariya daga nau'i biyar, aka gwada a Mali da Gambiya, Najeriya ta fara amfani da ita a 2024.

Da allurar nan ta zo da wuri, da ƙanwata ta ji muryar 'ya'yanta. Shi ya sa ba na iya yin shiru idan ana zagin bincike a gabana.

"An yi masa, kuma ya yi zazzaɓin"

Wannan ita ce maganar da na fi ji a bakin mata, kuma ba ƙarya suke yi ba. Maƙwabciyarmu ta kai ɗanta sau uku, damina ta yi tsakiya, yaron ya kwanta da palu. Ta ce wa maiɗakina, "To wahalar me na sha?"

Laifin na wanda bai yi mata bayani ba ne. Allurar zazzaɓi ba kamar ta ƙyanda ba ce. Ƙyanda idan an yi wa yaro sau biyu, kusan 97 cikin 100 sun tsira ke nan. Ta zazzaɓi kuwa, a babban gwajin, abin da ta hana shi ne kusan kamu 4 cikin 10 a tsawon shekara huɗu. Ƙwayar zazzaɓi tana sauya kama a cikin jiki, daga hanta zuwa jini, shi ya sa ta wahalar da masana haka.

Wani zai ce 4 cikin 10 ai ba abin a zo a gani ba ne. Sai ya je sashen yara na kowane asibiti a watan Satumba ya ga uwaye uku a gado ɗaya, yara na taune-taune, tafin hannu ya yi fari fat don rashin jini, uba na waje yana neman wanda jininsu ya zo ɗaya. Cutar da ke kashe mutum kusan 600,000 a shekara, mafi yawansu yaran Afirka da ba su kai shekara 5 ba, ko kashi kaɗan aka rage mata an ceci rayuka masu yawa.

Akwai binciken da ya fi dacewa da mu. An yi shi a Mali da Burkina Faso, inda zazzaɓi ke zuwa da damina ya tafi da ita kamar namu, a kan yara kusan 6,000, aka fitar da sakamakon a 2021. Wasu an ba su allura kawai, wasu maganin nan da ake ba yara wata-wata da damina, wasu an haɗa musu biyun. Waɗanda aka haɗa wa, kwanciya asibiti da mutuwa saboda zazzaɓi sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a kan na waɗanda suka sami ɗaya kaɗai. Maganin damina kuwa tun 2016 ake bi da shi gida-gida a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa. Ke nan rabin aikin yana hannunmu tuntuni.

Don haka uwar da ta ce an yi wa ɗana allura, ba sai ya sha maganin damina ba, ta yi asara. Wadda ta naɗe gidan sauro ta ajiye ma haka. Uku ne ke tafiya tare.

"Me ya sa ita kyauta, magani kuwa sai da kuɗi?"

A nan ina tare da masu ƙorafi. Bara ɗana na biyu ya yi zazzaɓi mai zafi, na kai shi wani asibiti cikin dare. A doka, tun 2011 maganin zazzaɓi na yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a Kamaru, mai tsanani ma an saka shi cikin kyautar a 2014. Aka ce mini maganin kyautar ya ƙare. Aka miƙo mini ordonans, wato takardar sayen magani, na hau moto ina neman farmasin da ke buɗe, na kashe sama da jaka goma a daren. Bayan sati biyu masu ɗigon shan inna suka ƙwanƙwasa mini ƙofa, ba ko dala. Na fahimci abin da ke sa magidanci ya rufe ƙofa a fuskarsu.

Amma kyautar tana da bayani. Ana biyan kuɗin allura, sai dai ba daga aljihunka kai tsaye ba. Wata ƙungiya mai suna Gavi da aka kafa a 2000 ce ke tara kuɗi daga ƙasashe masu hali, ta saya da yawa a farashi mai sauƙi, gwamnatinmu ta sa nata kason. Su ma masu ba da kuɗin suna da tasu riba: cutar da aka bari a Fotokol, can ƙuryar arewacin Kamaru, tana iya hawa jirgi ta sauka a Faransa. Ba sai mun ɗauke su waliyyai ba kafin mu karɓi abin da zai amfani 'ya'yanmu.

Fushin rashin magani a asibiti fushi ne na gaskiya, a kai shi inda ya dace, wurin shugaban gundumar lafiya da ɗan majalisa da magajin gari. Jaririn wata shida ba shi ya ƙarar da maganin ba.

Maganar hana haihuwa kuwa ba za ta ɗauke ni lokaci ba. A 1990 'yan mata 'yan makaranta a Arewa maso Yammacin Kamaru sun yi ta tserewa ta taga don gudun allurar sarƙewar haƙora, an ce musu ta kashe mahaifa ce. Tun lokacin ake maimaita zancen a kan kowace sabuwar allura. Yaran da aka ɗiga wa maganin shan inna shekara 25 da suka wuce su ne muke zuwa sunan 'ya'yansu duk Asabar. Nijar da Cadi, inda aka yi ta zagayen ɗigo, har gobe suna sahun gaba a duniya wajen yawan haihuwa.

Shi kuwa ɗigon da ake ta maimaitawa har mutane suka gaji, yana da dalili, kuma gara a faɗe shi yadda yake. Asalin ƙwayar shan inna an raba Afirka da ita, an sanar da haka ranar 25 ga Agustan 2020. Amma ɗigon ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Inda yara da yawa ba su samu ba, tana iya yawo daga hanji zuwa hanji ta hanyar bahaya, ta daɗe har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafar yaron da ba shi da kariya. Irin wannan ce ta rage a kewayen Tafkin Cadi. Masana ne suka gano haka, su ne kuma suka fito da sabon ɗigon da ya fi wuyar rikiɗa, aka fara amfani da shi a 2021. Gidan da ya ɓoye yaro shi ke ƙara wa zagayen tsawo. Mu kuma da ke kwana Kusuri mu karya kumallo a Injamena, ko mu tsallaka Amcide zuwa Banki da ƙafa, dole ƙasashen su riƙa yi tare.

Masu cewa ƙaddara ce, na yarda, komai ƙaddara ne. Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji akwai annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Baba Alhaji ya fi ni sanin wannan. A damtsensa ma akwai tabon lamba, kuma albarkacin wannan lambar ce jikokinsa ba su san agana ba sai a labari, tun da aka shelanta ƙarewarta a 1980.

Bashin da ke wuyan masu bincike

Akwai wani bincike da aka yi a Cadi wajen shekarar 2000 da nake so kowane ma'aikacin lafiya ya sani. An bi makiyaya Fulani da Larabawa a yankin Shari-Bagirmi da Kanem, aka tarar babu yaro ko ɗaya da ya cika allurarsa, alhali shanu ana yi musu. Da a ofis aka zauna, sai a ce makiyaya jahilai ne, sun fi son saniya da ɗa. Da aka je ruga aka tambaya, sai aka ga likitan dabbobi yana zuwa inda suke, na mutane kuwa yana zaune a gari yana jira. Sai aka haɗa su a mota ɗaya, ana yi wa shanu a wannan gefe, mata da yara a wancan. Iyaye suka fito da 'ya'yansu.

Sau da yawa abin da ake kira ƙin allura a wurinmu haka yake. Uwa ta bar kaskon ƙosai ta biya moto, ta yi layi tun safe, a ce mata ba za a buɗe kwalbar allurar ƙyanda don yara uku ba, ta dawo wani satin. Ko ta manta karne, wato katin allurar yaro, a gida a yi mata tsawa gaban mutane. Ko yaro ya yi zazzaɓin kwana ɗaya bayan allura, wurin ya kumbura, ba wanda ya gaya mata haka na iya faruwa kuma zai wuce, maigida ya ce ba za a koma ba. Ita wannan ba ta taɓa jin labarin Trovan ba.

Muna da reshen cibiyar binciken cututtuka ta Pasteur a nan Garwa, ana kai samfurin jini da ruwan ƙashin baya daga asibitocin arewa. Tun 2022 Kamaru tana da doka a kan binciken lafiya da ake yi da mutane. Abin da nake nema kaɗan ne. Duk wanda zai ɗibi jinin yaro da sunan bincike ya yi wa uwa da uba bayani da Hausa ko Fulatanci, ya gaya musu suna da ikon cewa a'a kuma ba za a hana ɗansu magani ba. Idan an gama, a dawo. A tara mutane a ƙofar jauro, wato mai unguwa, ko bayan sallar Juma'a, a ce ga abin da muka nema, ga abin da muka samu, ga inda muka yi kuskure. A hau gidan rediyo a karɓi tambayoyi masu zafi. Sakamakon Mandeliya ya isa a yi shekara ana ba da labarinsa a kowace majalisa, amma na tambayi abokaina malaman makaranta su biyar, ba wanda ya taɓa ji.

Kuma a daina yi wa allura kirarin da ba ta kai ba. Idan 4 cikin 10 take hanawa, a ce 4 cikin 10. Mutanenmu 'yan kasuwa ne, sun san riba kaɗan ma riba ce. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano an ɓoye musu wani abu.

Jiya da yamma uban jaririyar nan ya tsaya a ƙofar gidana da moto, bai ma kashe inji ba. Ya ce, "Yaya, maganar ran nan, sau nawa ake yin ta?" Na ce sau huɗu: wata 6, wata 7, wata 9, sai ta ƙarshe idan ta cika shekara 2, kuma ya tambaya a asibitin da suke awo ko an fara a can. Na ce masa ukun farko ba su da wuya, don suna kusa da juna, ta wata 9 ma tana haɗuwa da ta ƙyanda da shawara. Ta huɗun ce ake zubarwa. Lokacin yaro ya yi ƙafa yana gudu a tsakar gida, an yaye shi, wataƙila uwar na goyon wani, karnen ya shige ƙasan akwati. Ga shi kariyar ukun farko tana raguwa da tafiyar lokaci, ta huɗun ce ke sake ɗaga ta.

Autana saura wata biyar ya cika shekara 2. Na shiga ɗaki na ɗauko karnensa na nuna masa layuka ukun da malamar asibiti ta buga wa hatimi, da layi na huɗu da ta rubuta kwanan wata da fensir. Ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ya ce zai nuna wa Baba Alhaji.